Nauyi a Kan Ƙirji: Yadda Yake Kashewa da Yadda Yake Ceton Rai

Littafin Farawa sura 2 aya 7 ya nuna mana cewa mutum bai zama rayayye ba sai da Allah ya hura masa numfashi. Har yau kuwa ran ɗan Adam a rataye yake a jikin wannan numfashi. Mutum yana iya yin makonni ba abinci, yana iya yin 'yan kwanaki ba ruwa, amma in iska ta yanke masa, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Saboda haka ya kamata kowane ɗalibi, kowane malami da kowane ɗan ikkilisiya ya san abin da yake faruwa sa'ad da aka danne ƙirjin mutum. Akwai dannawar da take kashe mai ƙoshin lafiya yana tsaye da ƙafafunsa, akwai kuma wadda take dawo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Wanda bai san bambancinsu ba yana iya yin ɓarna da nufin taimako.

Yadda ƙirji yake aiki

Ƙirji kamar keji yake. Haƙarƙari 24, wato 12 a kowane gefe, sun taso daga ƙashin baya sun zagayo gaba, yawancinsu sun haɗu da ƙashin tsakiyar ƙirji. A cikin kejin nan huhu biyu suke, zuciya kuma tana tsakaninsu. Daga ƙasa akwai wani faffaɗan tantanin nama wanda ya raba ƙirji da ciki.

Huhu ba shi da ƙarfin jawo iska da kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga zugazugi: in an buɗa fatar iska ta shiga, in an matse ta fita. Haka ƙirji yake. Sa'ad da za mu shaƙi iska, tantanin nan yakan sauka ƙasa, haƙarƙari su ɗaga su buɗe, wuri ya ƙaru a ciki, sai iska ta kwararo ta hanci da baki. Sa'ad da naman ya saki, ƙirji ya koma yadda yake, iska ta fita. Babban mutum yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya in yana hutawa, kowane shaƙa kuma wajen rabin lita ne.

Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100. A cikin huhu oksijin yakan shiga jini, gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita kuma ta fito. Zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura jini wajen lita 5 a wannan minti ɗaya zuwa ko'ina a jiki. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: buɗewar ƙirji tana taimakon jini ya komo zuciya. Duk lokacin da ƙirji ya buɗe, yakan tsotso jini daga manyan jijiyoyin wuya da na ciki, kamar yadda yake tsotso iska. Ashe ke nan numfashi da gudun jini ɗan juma ne da ɗan jummai, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan.

Abin da nauyi yake yi

In wani nauyi ya danne ƙirji da ciki, abubuwa biyu suke lalacewa tare.

Na fari, iska ba ta samun shiga. Hanci a buɗe yake, baki a buɗe, iska tana ko'ina, amma zugazugin ya ƙi buɗewa. Abin da ya fi muni shi ne, duk sa'ad da mutumin ya fitar da numfashi ƙirjinsa yakan ɗan ragu, sai nauyin ya bi ya cike wurin, shaƙa ta gaba kuma ta fi ta baya ƙanƙanta. Oksijin ya yi ta raguwa a jini, gurɓatacciyar iska ta yi ta taruwa, mutum ya rikice, ya galabaita, ya suma.

Na biyu, jini ba ya samun komowa zuciya. Matsin da yake cikin ƙirji ya fi ƙarfin jinin da yake son shiga, zuciya kuwa ba ta iya tura abin da bai zo mata ba. Sai ƙarfin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Jinin kai da wuya yakan taru a can, ƙananan jijiyoyi su fashe. Shi ya sa akan ga fuskar wanda aka danne ta kumbura ta yi duhu, fararen idanunsa sun yi ja wur. Wani likitan Faransa mai suna Ollivier ne ya fara bayyana waɗannan alamu a shekarar 1837, bayan ya duba gawawwakin mutanen da taro ya matse a birnin Faris. Ko mesa ma haka take yi. Da can an ɗauka shaƙe abin da ta naɗe kawai take yi, amma wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2015, a kan irin waɗannan macizai ya nuna cewa matsin yana tsai da gudun jini tun kafin rashin iska ya gama aikinsa.

Turmutsutsu

In an ji labarin turmutsutsu, akan ce an tattake mutane. Gaskiya ne akan tattake waɗansu, amma masana sun gano cewa yawancin waɗanda suke mutuwa matsin ƙirji ne yake kashe su, waɗansu ma suna a tsaye. In mutane sun kai 6 ko 7 a fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, ba mai iya sarrafa ƙafafunsa kuma, taron yakan riƙa tafiya kamar ruwa. An sha ganin shingen ƙarfe ya lanƙwashe a wuraren da irin wannan ya faru. Abin da ya lanƙwasa ƙarfe, ina haƙarƙarin yaro zai iya da shi?

Wannan masifa ba ta zaɓen addini ko ƙasa. Ranar 2 ga Yuli 1990 mahajjata 1,426 suka rasu a cikin wata hanyar ƙarƙashin dutse kusa da Makka. Ranar 24 ga Satumba 2015 aka sake yin wani a Mina. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 ne suka rasu, ƙididdigar da 'yan jarida suka haɗa daga ƙasashe dabam dabam kuwa ta wuce 2,400. 'Yan Nijeriya fiye da 270 suna cikinsu, har da Hajiya Bilkisu Yusuf, sananniyar 'yar jarida wadda ta taɓa zama editar jaridar Sunday Triumph ta Kano. A Diffa ta Jamhuriyar Nijar, ranar 17 ga Fabrairu 2020, mutum 20, mata da yara, suka mutu wurin rabon abinci da kuɗi ga 'yan gudun hijira. A birnin Sol na Koriya ta Kudu, a Oktoba 2022, mutum 159, yawancinsu matasa, suka hallaka a wani ɗan lungu wurin biki.

Mu masu bi ma abin ya shigo har ƙofar majami'a. Ranar 28 ga Mayu 2022 mutum 31 suka mutu a Fatakwal wurin rabon kayan sadaka da wata ikkilisiya ta shirya. A mako guda na Disamba 2024 aka yi uku: yara 35 a wurin wani bikin yara a Ibadan ranar 18 ga wata, sa'an nan ranar 21 ga wata mutum 22 a Okija ta Jihar Anambra, da mutum 10 a harabar wata majami'ar Katolika a Maitama, Abuja, duka wurin rabon kayan Kirsimeti. Waɗanda suka shirya tarurrukan nan alheri suka yi niyya. Yunwa ce ta kawo jama'a fiye da yadda aka zata, ƙofa kuma ta yi kaɗan.

Kada mu ce wannan na manyan birane ne. A nan Dawaki da kewayen Rano da Kibiya muna da namu wuraren: ƙofar ɗakin cin abinci in an kaɗa ƙararrawa, ƙofar filin ƙwallo, babban taron ikkilisiya, kallon hawan Salla, rabon taki ko hatsi, da bayan motar kasuwa inda ake cusa mutane tare da buhuna. Ban da taro, akwai ramin da ake haƙar ƙasar gini ko yashi, da rijiyar da ake haƙa, da katangar ƙasa da damina, da tarin buhunan hatsi a sito. Mutumin da ƙasa ta rufe zuwa ƙirji yana iya mutuwa ko da kansa yana waje. Wanda ya je ceto ya fara tone wajen fuska da ƙirji, da hannu in an matso kusa da jiki, ya kuma lura kada ramin ya sake ruftawa a kansa. Ko an fito da mutum yana magana, a kai shi asibiti, domin naman da ya daɗe a danne yana sakin abubuwan da suke lalata ƙoda daga baya.

In ka sami kanka cikin matsi

1. Da ka ji jikin mutane yana taɓa ka ta kowane gefe, lokacin fita ya yi. Kada ka jira ka ga abin da zai faru.
2. Ɗaga hannuwanka biyu a gaban ƙirji kamar ɗan dambe, domin ka bar wa haƙarƙarinka wurin buɗewa.
3. Tsaya da ƙafafunka. In takalmi ko jaka ko kuɗi ya faɗi, bar shi.
4. Kada ka yi kokawa da taron. Bi inda yake tafiya, kana ɗan karkatawa gefe sannu sannu, ka nisanci bango da shinge da ƙofar da take rufe.
5. Kada ka ɓata numfashinka wurin ihu.
6. In akwai ƙaramin yaro, a ɗaga shi bisa kafaɗa. Mai goyo ta san cewa jaririn da yake bayanta shi matsi zai fara samu.
7. In wani ya faɗi, a ɗaga shi nan da nan. In kai ne ka faɗi ka kasa tashi, kwanta ta gefe, ka dunƙule, ka kare kanka da hannu. Kada ka kwanta rigingine ko rub da ciki.

Mai fama da numfashi

Yanzu mu zo ga mara lafiya. Ɗalibi mai fuka wanda ciwonsa ya tashi da dare a ɗakin kwana, ko jariri mai ciwon limoniya, ko tsoho mai ciwon zuciya wanda ruwa ya taru masa a huhu, dukansu suna aiki da iyakar ƙarfin naman ƙirjinsu don su sami iska. Zuciyarsu tana bugawa, suna numfashi, ko da yake da ƙyar. Irin wannan mutum ba a danna masa ƙirji. Ba a kwantar da shi rigingine, ba a rungume shi da ƙarfi, ba a ɗaure masa ƙirji da zane, ba a danne shi don yana fizge-fizge. Fizge-fizgen nan sau da yawa alamar ƙarancin oksijin ne, nauyi kaɗan kuma yana iya ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Abin yi shi ne a zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba, a kwance masa maɓalli da ɗamara, jama'a su ja da baya iska ta samu shiga, a kashe hayaƙi in akwai. Mai fuka a ba shi maganinsa na shaƙa. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A nemi mota zuwa asibiti tun da wuri, can ma a zaune za a tafi da shi.

Iyaye mata, musamman na Zumuntar Mata, ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don gane limoniya. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cif yana kwance shiru. In bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. In kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake shaƙar iska, ko ya kasa shan nono, ko leɓunansa da harshensa sun sauya launi, to, kada a kwana da shi a gida.

Abin da likitoci suke yi a asibiti

Akwai wani mummunan ciwon huhu inda ƙananan jakunkunan iska suke cika da ruwa su manne, har sai an sa wa mutum na'urar taimakon numfashi. An ga irinsa da yawa lokacin annobar korona daga 2020. In irin wannan mara lafiya yana rigingine, nauyin zuciya da na jiƙaƙƙen huhu yakan danne sashen huhu na baya, alhali can ne jini ya fi bi. Saboda haka likitoci sukan juya shi rub da ciki na sa'o'i masu yawa, sashen baya ya buɗe, iska da jini su sadu. Wani babban bincike da aka yi a Faransa da Sifen, aka buga a 2013, ya nuna cewa cikin waɗanda aka juya kashi 16 cikin 100 ne suka mutu a kwana 28, cikin waɗanda aka bari rigingine kuwa wajen kashi 33.

A 2021 waɗansu likitoci suka ba da rahoton wani abin mamaki. A waɗansu marasa lafiyar da huhunsu ya lalace ƙwarai, in an ɗora ɗan nauyi a ƙirji ko ciki, sai na'ura ta nuna huhun yana karɓar iska da sauƙi fiye da da. Dalili shi ne ɗan sashen huhun da ya rage da lafiya ya cika da iska fiye da kima, kamar balan-balan da aka hura har ya ƙi ƙara buɗewa, nauyin kuma ya ɗan rage masa kumburi. Wannan aikin ƙwararru ne a sashen kulawa ta musamman, inda na'ura take hura iskar, ana kuma auna jini kowane lokaci. Ba abin gwadawa ba ne a gida ko a ɗakin shan magani na makaranta.

Lokacin da danna ƙirji yake ceton rai

In zuciya ta tsaya, magana ta sauya. Jini ya daina gudu, ba sauran abin da dannawa za ta ɓata, ita ce ma kaɗai za ta kai wa ƙwaƙwalwa jini. A 1960 masana uku a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa in ana danna ƙashin ƙirji ana saki, jini yakan fita daga zuciya, ya kuma sake cika ta. Abin da ake samu bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na aikin zuciya mai lafiya ba, amma yana riƙe rai kafin taimako ya zo.

Alamu biyu ake dubawa. Mutumin ba ya amsawa ko an kira shi an girgiza kafaɗarsa, kuma ba ya numfashi, ko kuwa yana wani irin kakari jefi-jefi. Kakarin nan ba numfashi ba ne, kada ya ruɗe ka. In alamun biyu sun haɗu:

1. Aiki mutum ɗaya takamaimai ya nemo mota ko ma'aikacin lafiya, ko ya buga lambar gaggawa 112.
2. Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Katifa ba ta yi.
3. Durƙusa a gefensa, sa tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗora ɗaya hannun a kai, miƙe gwiwar hannu.
4. Danna ƙasa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu kowace daƙiƙa.
5. Bayan kowace dannawa bar ƙirjin ya dawo sarai. A lokacin sakin nan ne zuciya take cika da jini. Wanda ya jingina a kan ƙirjin bai saki ba ya koma yin abin da turmutsutsu yake yi.
6. Bayan dannawa 30, ɗaga haɓarsa, toshe hancinsa, hura masa iska a baki sau 2 har ka ga ƙirji ya ɗaga. Iskar da kake fitarwa tana da sauran oksijin wajen kashi 16 cikin 100, ta isa. In ba za ka iya hurawa ba, ci gaba da dannawa kawai.
7. In da wani kusa, ku riƙa karɓar juna kowane minti 2, gama gajiya tana rage ƙarfin dannawa. Kada a tsaya sai ya fara numfashi ko ma'aikatan lafiya sun karɓa.

Yaro ana danna masa da hannu ɗaya ko biyu, jariri kuma da manyan yatsu biyu, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsu. Ga yara, da wanda aka ciro daga ruwa a madatsar Tiga ko kududdufi, da wanda aka zaro daga turmutsutsu ko rami, hura iska yana da muhimmanci ƙwarai, domin rashin iska ne ya tsai da zuciyarsu tun farko. Wanda ya nutse ma da hura iska ake fara masa, kada a ɓata lokaci ana matsa masa ciki wai a fitar da ruwa. Wani lokaci haƙarƙari yakan karye wurin dannawa. Kada wannan ya sa ka tsaya, ƙashi yana warkewa. In mutumin ya dawo numfashi amma bai farfaɗo ba, juya shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Ba kowa ne yake tashi ba ko an yi komai daidai, wanda ya gwada kuwa ba shi da laifi. Karatu a takarda kuma bai kai koyo da hannu ba. Ya kamata ƙungiyoyinmu na matasa su gayyaci ma'aikatan jinya ko 'yan Red Cross su koya mana a kan mutum-mutumin roba, gama ba a gwada wannan a ƙirjin aboki mai lafiya.

Ga shugabanni da masu shirya taro

Littafi Mai Tsarki bai bar mu a duhu ba a kan wannan. A 2 Sarakuna sura 7, bayan yunwar Samariya, jama'a sun tattake wani hafsan sarki har ya mutu a bakin ƙofar birni sa'ad da suka ruga neman abinci. A Markus sura 3 Yesu ya sa almajiransa su ajiye masa ƙaramin jirgi kusa don kada taro ya matse shi. A Markus sura 6 kuma, kafin ya ciyar da mutum 5,000, sai da ya sa aka zaunar da su ƙungiya ƙungiya, ɗari ɗari da hamsin hamsin, almajirai suka bi su da abincin. Ubangiji bai sa mayunwata su yi tsere zuwa wurin kwando ba.

Mu ma mu bi wannan gurbi. In za a yi rabo, a ba da kati tun kafin ranar, a raba mutane rukuni rukuni, a zaunar da su a fili, a kai musu inda suke. Kada a tara jama'a a bayan rufaffiyar ƙofa sa'an nan a buɗe ta farat ɗaya. Ƙofar shiga dabam, ta fita dabam, kada kuma a kulle ƙofofin majami'a ko na zauren taro da kwaɗo alhali mutane suna ciki. A fara sallamar tsofaffi, masu ciki, masu goyo da yara. Shugabannin ɗalibai su tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci, aji ya shiga bayan aji. Ku ɗalibai kuma ku daina wasan nan na haye wa mutum ɗaya a taru a kansa in an ci ƙwallo, ko a zauna a ƙirjin ƙaramin ɗalibi da sunan horo. In na ƙasa ya ce ba ya iya numfashi, a tashi nan take, ko da yana iya magana, domin ɗan iskar da take fitar da kalma ba ta isa ta riƙe rai ba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba shugabanninmu hikimar shirya taro, ya ba mu natsuwa da ƙarfin hali a ranar da maƙwabci zai bukaci hannuwanmu. Amin.